Ƙarfen Rafin Tsamiya

Duk ranar Lahadi da sha ɗaya na safe, Baba Abdulbaƙi yakan ajiye abin da ke hannunsa ya karkata kunne. Ko shayi yake sha, ko carbi yake ja, cak zai tsaya. Ya ce, "Ɗaya." Ya ɗan jira, ya ce, "Biyu." Halas, shi ke nan, sai ya koma harkarsa kamar ba shi ba.

'Yarsa Luba ta buɗe ido ta tarar da wannan hali. Ta girma, ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo gidansu na unguwar Karantina a Jidda, abin yana nan daram. Ita dai ba ta taɓa jin komai ba sai hon ɗin motoci. In ta tambaya, ya ce ƙarfen garinsu ne, Rafin Tsamiya. Ka ji tsoho da rigima. Garin da ya baro shekara sittin, ga teku a tsakani, shi ne zai jiyo daga Jidda? Ta bar shi da abinsa.

Ana nan sai ma'aikata suka zo da jan fenti suka rubuta "ikhla" a bangon gidan, wato a tashi, rusau na tafe. Mako uku aka ba su. Nan hankalin Luba ya tashi, don a Jidda aka haife ta amma ba ta da takarda ko ɗaya mai rai. Iƙamar Baba, takardarsa ta izinin zama, ta mutu tun tuni. A Karantina kowa ya san kowa, ba mai tambaya, amma wajenta ko ɗaki ɗaya ba mai ba ka sai da takarda. Ta je ofishin jakadanci, aka ce za a yi mata fasfo in ta kawo shaidar cewa a Najeriya aka haifi mahaifinta. Ta fito tana dariyar da ta fi kuka ciwo.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Hindatu, da ke zaune a unguwar Sharafiyya, wadda Luba ke yi wa ɗinkin abaya. Da ta ji sunan garin sai ta tafa hannu, ta ce ai maƙwabtan garinsu ne, kuma mutanen Rafin Tsamiya kaf a littafin coci suke. Wai tun kafin gwamnati ta san da garin, cocin Baftis ne ya haƙa rijiya, ya buɗe aji biyu, ya ajiye ungozoma. Shekarar yunwa, rumbunsa ne ya riƙe gari. Duk jaririn da ya faɗo, na Musulmi ko na Kirista, ungozomar nan ce ta yanke masa cibi ta rubuta sunansa, har 'ya'yan liman. Ta samo mata lambar Mama Rifkatu, tsohuwar da littafin ke hannunta.

Luba ta kwana biyu tana juya lambar. Ita da ko ƙofar coci ba ta taɓa gani ba! Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar Lahadi, sha ɗaya saura kwata, ta buga kiran bidiyo. A can tara saura kwata, mutane na taruwa don sujada.

Wata siririyar tsohuwa ta bayyana, da tabarau ɗaure da zare, zaune a gindin tsamiya. A bayanta wani guntun ƙarfen layin dogo na rataye a reshe. Luba ta gaishe ta da Hausarta mai gauraye da Larabci, ta faɗi buƙatarta. Aka ɗauko littafin, tsohuwar ta dinga lasar yatsa tana buɗawa. Da ta kai wani shafi sai ta tsaya, ta ɗora yatsa a kan wani suna.

"Abdulbaƙi ɗan Liman Shu'aibu," in ji ta. "Shekara sittin muna kiransa, 'yata."

Ta bayyana mata al'adarsu. Duk ɗan garin da ya tafi aka rasa labarinsa, kowace Lahadi kafin a shiga sujada ana buga masa ƙarfen nan sau ɗaya, don ya san hanyar gida. Ba a dainawa sai an ji ɗuriyarsa, ko labarin mutuwarsa ya zo, a ja layi a kan sunansa. Da can bugu tara ne, yanzu saura biyu. Ɗaya na Abdulbaƙi, da ya tafi hajji ta ƙasa yana ɗan sha bakwai. Ɗayan na yayanta Irimiya, ɗan mai buga ƙarfen, wanda ya ce zai raka abokinsa tasha, har yau.

Daga nan ta ce lokaci ya yi. Ta jingina wayar da saiwar tsamiya, ta ɗauki guduma.

Baba na zaune a ƙuryar ɗaki, ya ba wayar baya, bai ma san ana magana ba. Luba ta ji ya ce, "Ɗaya." Sai bayan ya rufe baki ƙarar ta fito daga wayar, ƙwaaang. Ya ce, "Biyu." Ƙarar ta sake biyo bayansa. Tsigar jikin Luba ta tashi, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga rana tsaka, ga mai sayar da ruwa na wucewa a lungu.

Mama Rifkatu ta dawo tana haki, ta ce a nuna mata ɗan liman ta gaishe shi. Luba ta kai wayar gaban Baba. Hasken ya dame shi, ya ɗaga hannun hagu ya kare ido, hannun nan mai murƙusasshen babban yatsa da yake cewa ƙofar mota ce ta datse shi. Tsohuwar ta matso da fuskarta har tabarau ya cika wayar. Ita ta san gudumar da ta yi wannan aika-aika, tana tsaye a wurin ranar da aka yi.

"Irimiya," in ji ta, a hankali.

"Na'am," in ji Baba.

Sai bakin da ya shekara sittin a rufe ya buɗe. Ya ce daga tasha ya kasa juyowa, ya bi abokinsa ta Chadi har Sudan. A hanya ya karɓi kalmar shahada a hannunsa, da zuciya ɗaya. A Sawakin, suna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kwantar da Abdulbaƙi. Ya miƙa masa takardarsa ya ce ya ƙarasa masa hajjin. Da Abdulbaƙi ya cika, shi ya yi masa wanka, shi ya binne shi. Ya haye teku da sunan, sunan kuma ya zauna. Wasiƙa kuwa, me zai rubuta wa liman? Me zai rubuta wa nasa uban? Kunya ta hana shi, shekaru suka tafi.

Tsohuwar na kuka, Baba na kuka. Luba kuwa ta hango abin da su ba su hango ba. Sunan da ke kan matacciyar iƙamar Baba, Abdulbaƙi ne. Ita kanta bint Abdulbaƙi ce, wato 'yar Abdulbaƙi, a ko'ina. Takarda da sunan Irimiya ba ta da amfanin komai gare ta. Ga shi Mama Rifkatu ta share ido, ta zaro biro, ta kwantar da littafin a cinya za ta yi abin da al'ada ta ce.

"Gwaggo," in ji Luba. "In kika ja layin nan, ni kika share."

Biron ya tsaya a sama. Tsohuwar ta dube ta, ta dube ta, kamar mai neman hancin gidansu a fuskar. Sannan ta mayar da murfin biron. Ta ce na Irimiya ya ƙare, an same shi. Na ɗan liman kuwa, za ta kwafe abin da ke shafin, ba ƙari ba ragi, fasto ya buga hatimi. Amma sunan da ba a ja wa layi ba, dole a ci gaba da buga masa ƙarfe.

"Ki sani dai, 'yata," in ji ta, "da muna kira ne ba mu sani ba. Yanzu mamaci za mu dinga kira, kuma mun sani."

Takarda ta iso, fasfo ya fito, sauran ya biyo baya da taimakon wani kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya musu. Kwana biyu kafin motocin rusau su shigo lungunsu, Luba ta kwashe Baba zuwa ɗaki biyu a hawa na uku, can arewacin gari, inda ba wanda ya san su.

Lahadin farko a sabon gida, sha ɗaya ta buga, Baba na kurɓar shayinsa hankali kwance. Bai karkata kunne ba, bai ƙirga komai ba. Luba ce, tana zura zare a allura, ta ji shi sarai kamar a bayan tagar: ƙwaaang. Sau ɗaya.

Daga bakin ƙofarsu, ta waje, muryar wani saurayi, a dishe kamar ta mai zazzaɓi, ta ce, "Na'am."

Allurar ta faɗi daga hannunta. Baba ya ajiye kofinsa, ya gyara zama, ya matsa gefe ya bar wuri a kan tabarma.

"Yalla, Luba, buɗe masa," in ji shi. "Ki ƙaro kofi. Ya sha hanya."