Jan Maɓallin Mai Agogo

Mijin 'yata gyaran agogo yake yi. Shekara ashirin yana zaune a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa juyawa a ciki, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar kusoshin da ni ko ganinsu ba na yi. Da wayar hannu ta kashe wa agogo kasuwa, sai ya samu lokaci, ya koma wasa da ƙananan kwamfutocin nan masu allo ɗaya. Ɗan faifai ne kore, bai fi tafin hannu ba, tsirara, kuɗinsa bai kai na takalmi mai kyau ba. Ka sa masa wani kati kamar farcen yatsa, ka jona shi da talabijin, sai ya nuna maka fim ko ya sa maka waƙa. A gidansu akwai wadda ke buɗe wa kaji ƙofa da safe, akwai wadda ke faɗin zafin ɗaki. 'Yata takan ce, "Mama, kamar mu ba mu da fata a jiki."

Malam, mijina, yana wata na huɗu a asibiti. Jikinsa ya shanye, babban yatsan hagu kaɗai ke jin maganarsa. Talabijin ɗin ɗakin tasha ɗaya take kamawa, yini ake yi ana tallar sabulu a kansa, ga shi ba bakin cewa a kashe. Shi ne Mai Agogo, haka muke kiran surukin nawa, ya haɗa masa tasa. Ya sa allon a gwangwanin biskit, ya naɗe batir da baƙin salatif ya kwantar a gefe saboda ɗaukewar wuta, ya fito da doguwar waya mai jan maɓalli ƙato a ƙarshenta, wanda yatsa ɗaya zai iya dannawa. A cikin katin ya zuba hotunan jikoki da tsofaffin wasannin ƙwallon da Malam ke so. A kan murfin kuma ya huda wuri ya sa ɗan gilashi mai nuna lokaci da jajayen lambobi, don mutumin nan ba ya iya haɗa abu bai sa masa agogo ba.

Ranar da ya kawo min na gani, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa.

"Mama, doka ɗaya ce. In koriyar fitilar nan na ƙiftawa, rubutu take yi a kati. Kada a zare mata wuta, katin lalacewa yake yi. In za a kashe, a danne jan maɓallin a riƙe, a ƙirga biyar, ta kashe kanta."

"Ashe ta fi ni gata," na ce. "Ni ina tsakiyar magana ake katse ni."

Ya yi dariya a cikin riga. Kati biyu ya taɓa rasawa a haka, ɗaya da bidiyon ranar da autarsu ta fara tafiya a ciki, kuma tun daga nan ko 'ya'yansa ba sa kusantar soket in abu na ƙiftawa.

Ƙarfe huɗu ake buɗe wa 'yan dubiya. 'Yata na wurin aiki, don haka mu biyu muka tafi, shi a gaba da jaka, ni a baya da sanda. Ya bar abin a kunne, wai bai gama kwashe wasannin ba, zai ƙarasa a hanya.

Ƙofar asibitin kamar kullum: masu lemo da ayaba a jere, 'yan babur a inuwa, mai faci da tayoyinsa a tsallaken kwalbati. Tun da wani abu ya fashe a wata tasha a can nesa, watan da ya wuce, aka fara binciken jaka. Mai gadin ya san ni. Wata huɗu yana ce min, "Mama, ya mai jiki?"

Ya buɗe jakar, ya ga jajayen lambobi, ya ga waya.

"Wannan fa?"

"Kwamfuta ce," in ji Mai Agogo.

"Kwamfuta a gwangwanin biskit? To ni ma jirgin sama ne."

Na bayanmu suka yi dariya. Mai gadin ya ɗaga murfin da bakin kulkinsa. Wayoyi ja da baƙi, dunƙulen salatif, ɗan kore yana ƙiftawa. Ya daina dariya. Ya ja da baya taki biyu.

"Me take ƙirgawa?"

"Ba ƙirge ba ne, agogo ne. Huɗu da minti bakwai, duba naka."

Ba shi da agogo. Ba wanda ke da shi a layin nan kaf.

"Kashe ta! Kashe ta yanzu!"

'Yan babur suka miƙe. Layin ya buɗe ya zama da'ira, mu a tsakiya. Mai Agogo ya kalli titi, inda wata bas ke tsaye ƙofa a buɗe, ya sunkuyo wajena.

"Mama, mu tafi. Ma dawo gobe."

"Mu tafi ina? Mai gaskiya ba ya gudu. Tsaya ka yi musu bayani."

Ni na faɗi haka. Maganganun mutanen da, ba wadda ban juya na duba ƙasanta ba a rayuwata, har ana ce min mai gardama. Amma wannan na haɗiye ta da ƙashinta. Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, na ɗauka duk abin da aka bayyana a hankali sai ya shiga kai. Na manta ɗalibaina a zaune suke, kuma ba tsoro a cikinsu.

Ya tsaya, don ni na ce. Ya fara, "Allo ne ƙarami, ga batir, ga..." Mai gadi bai jira ba, ya kai hannu zai fizge wayar batirin. Mai Agogo, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa ko kaza murya ba, ya buge hannun.

"Kar ka zare! Tana rubutu!"

Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ɗauki jan maɓallin, ya danne da babban yatsa, ya riƙe, leɓensa na motsi.

"Ɗaya. Biyu."

"Bam ne!" wata mace ta ƙwalla. "Ya danna!"

Bai kai huɗu ba. Mai faci ya taho a guje da ƙarfen cire taya, ya sauke masa a hannu a kan teburin gadi. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Gwangwanin ya yi tsalle ya gangara bakin kwalbati. Mai Agogo ya kalli hannunsa, bai yi ihu ba tukuna, sai ƙarfen ya sake sauka a wuri ɗaya.

Kulki ya same shi a ƙeya, ya faɗi a kan gwiwa. Wani ɗan babur ya cire hular kwano ya maka masa a fuska, hancinsa ya fashe, jini ya wanke farar rigar da 'yata ta goge masa. Wasu sun gudu, amma waɗanda suka ga abin bai tashi ba suka dawo da fushin tsoron da suka ji. Ƙafafu ta ko'ina. Wani mutum mai tsabta, da kwanon abincin mara lafiya a hannu, ya ajiye kwanon a hankali a gefe don kada ya zube, sannan ya zo ya yi ta harbinsa a haƙarƙari. Wani ya ɗauko bulo.

"Surukina ne!" nake ihu. "Mai gyaran agogo ne! Fim ne a ciki!"

"Matsa, tsohuwa!"

"Tare suke! Ita ce ta rako shi!"

Na kai wa mai bulon sanda a gwiwar hannu, bulon ya kauce ya sami kafaɗa maimakon kai. Wani ya fizge sandar ya karya ta a cinyarsa. Na kalli mai gadi, na ce, "Ɗan nan, ka san ni fa!" Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, ya hankaɗe ni da kulki a ƙirji. Na faɗi, goshina ya daki gefen kwalbati, duniya ta yi fari.

Da idona ya dawo, abin da na fara gani taya ce. Mai faci ne ya gangaro da ita. Mutum biyu suka ɗaga Mai Agogo zaune, kansa na lilo, suka zura masa ita har kafaɗa. Wani ɗan babur ya durƙusa ya zare tiyon mai, yana tarawa a gorar ruwa. Warin fetur ya rufe warin lemo.

"Wa ke da ashana?"

"Jira a cika masa tukuna!"

Gwangwanin na nan kusa da hannuna, murfi a karkace, lambobin na ci gaba da nuna lokaci. Mutum fiye da hamsin a wurin, amma an bar masa fili kamar gidan rina. Ba wanda ya kusance shi. Nan na gane abin da ya fi ƙarfinsu, kuma ba gaskiya ba ce.

Na ɗauke shi na rungume a ƙirji. Na kama kwalbatin na miƙe, jini na shiga min ido ɗaya. Na ɗaga jan maɓallin sama inda kowa zai gani, na ɗora babban yatsa. Na nemo muryar da nake tsayar da aji da ita.

"To ku saurara! Shi bai iya ba, ni na iya! Duk wanda na ƙirga uku yana nan, tare za mu tafi. Ɗaya!"

Na taka zuwa cikinsu.

"Biyu!"

Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Mai faci ya yar da ƙarfe ya tsallake kwalbati. Babura suka zube kan juna. Mai gorar fetur ya zame a cikin man da ya tara, aka tattake shi, ya tashi da rarrafe. Mai gadi ya haura katanga ya bar takalmi ɗaya. Farantan ayaba suka kife, wani tsoho ya faɗi aka bi ta kansa, shi ma ina da alhakinsa. Cikin numfashi goma titin ya zama ba kowa sai takalma da lemo na gangara.

Mace ɗaya ta rage, wata mai lemo mai jiki, zaune a bayan baronta, hannu biyu a kai.

"Mama, don Allah, ina da 'ya'ya."

"Ƙwallon ƙafa ne a ciki, 'yar nan. Tashi ki kama min."

Ta kalle ni, ta kalli gwangwanin, ta kalli mutumin da ke cikin taya. Sai ta tashi. Muka zare tayar, fatar kunnensa ta biyo ta. Ta juye lemonta a ƙasa, muka ɗora shi a baro, ƙafafunsa na jan ƙasa. Yana numfashi, da wani gurnani a ƙirji. Hannun damansa ban iya kallonsa sau biyu ba.

An kulle ƙofar ɗakin gaggawa daga ciki, fuskoki a bayan gilashi. Na koma tsakiyar fili, na buɗe gwangwanin a gabansu, na fizge wayar batirin da haƙori da hannu, na zazzage komai a ƙasa, na taka allon da dunduniya har ya rabu biyu. Na ɗaga hannuwana. Wata likita, yarinya ƙarama da ba ta kai 'yata ba, ta ture mai riƙe da ƙofar ta buɗe.

Suka yanke rigar da almakashi, suka wanke masa fetur, suka shige da shi. Mai lemo ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa ita ma ta jefe shi da lemo ɗaya da farko. Na ce ta yi shiru.

'Yan sanda sun iso an gama komai. Wani saje ya tsaya a kaina da littafi.

"Ke ce kika ce za ki tayar da bam?"

"Ni ce."

"Kin san laifi ne babba?"

"Na sani. Na waɗanda suka kawo taya fa?"

"Za mu bincika. Tashi mu je."

Kafin na tashi likitar ta fito, safar hannunta ja har wuyan hannu, takarda a ɗayan.

"Haƙarƙari huɗu sun karye, ɗaya ya taɓa huhu, amma mun tare. Zai rayu in muka shiga da shi yanzu. Hannun ne. Yatsu uku ba abin da za a ɗinka, sai an cire. Ina matarsa?"

"Tana hanya. Daga ƙarshen gari take tahowa."

"Ba zai jira ta ba. Wani nasa ya sa hannu."

"Babban yatsan fa?"

"Shi da ƙaramin za mu gwada."

Na karɓi biron. Mai lemo ta danne min takardar a kan gwiwa. Akwai layin da ke tambayar me nake gare shi. Na rubuta uwa, na sa hannu. Likitar ta fizge takardar ta juya da gudu, ƙofar ta rufe a bayanta.

Sajen ya gyara tsayuwa. Wata nas ta zo ta ɗaga min ɗankwali, ta ja tsaki.

"Yallaɓai, ba inda za ta sai an ɗinke goshin nan. Ƙashi nake gani."

Ya kalli agogon bango, ya jawo kujera ya zauna.