Shari'ar Ƙafar Hagu

Kwana goma sha tara rabona da ɗaukar buhu. Ni Jatau, da nake dako a kasuwar hatsi tun gemuna bai fito ba, sai ga ni a zaure ina juyi a kan tabarma, wani abu yana tsarga mini daga ƙugu har babban yatsan ƙafar hagu kamar an zura waya mai zafi. Ƙwayoyin kashe ciwo kuwa, tun ranar da na yi aman jini likita ya ce in na sake kai ɗaya baki in tanadi likkafani. Shi ya sa na aika wa Wanzam Barmo ya zo bayan la'asar ya yi wa ƙafar sakiya, ya gasa ƙarfe ya soka mata. Na ga yadda ƙafar abokina Nomau ta ƙare bayan irin wannan aiki, har yau jan ta yake yi. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ciwon ya fi ƙarfin tsoron. Bayan azahar zazzaɓi ya rufe ni, idanuna suka yi nauyi.

Sai na gan ni a kasuwarmu, buhunan gero duk suna numfashi. Jama'a na ihu, "Ga ta nan! A kashe ta!" Na kutsa, sai na tarar an ɗaure ƙafata ta hagu a jikin turke, ita kaɗai, ba ni a jikinta. Kayan wanzanci ne ke yi mata shari'a. Ƙaho ya kafa baki a cinyarta yana zuƙa, aska tana tsaga ta layi-layi, jini ya cika kwata har kaji na iyo a ciki. Wani ya danƙa mini bulala. Ban yi wata-wata ba na shiga zabga mata, don na daɗe da jin haushinta, kuma duk bulalar da na sauke a jikina take sauka.

Ƙafar ta buɗe baki a diddige ta ce, "Jatau, ni 'yar aike ce."

"Wa ya aiko ki?"

Kafin ta amsa, wani tsohon raƙumi mai ido ɗaya ya cafki wuyana da haƙora, ya girgiza ni, ya yi jifa da ni sama. Na faɗo cikin wata rijiya mai zurfi wadda aka gina da ƙasusuwa, ɗaya bisa ɗaya, tsakanin kowane biyu an sa gammo. Raƙumin na tsaye a ƙasa yana tuƙa, ban san ta inda ya shigo ba.

Ya ce, "Ƙashin bayanka ke nan. Duba sama."

Buhuna suka fara zubowa, duk waɗanda na taɓa ɗauka, na gero da na wake da na masara, kowanne yana kiran sunana kafin ya daki ƙasusuwan. Rijiyar ta riƙa ƙara. Can ƙasa na ga gammo ɗaya ya fashe, tsummansa ya ɓullo gefe ya danne wata farar igiya da ta miƙe har cikin duhu. Igiyar ce ke kururuwa, da muryar ƙafata.

Na ce, "Wane azzalumi ne ya yi wannan?"

Raƙumin ya tofa mini kumfa a fuska. "Wanda yake sunkuyawa da ƙafafu a miƙe ya fizgi buhu shi kaɗai, don 'yan bayan mota su ce masa namiji."

Kunya ta kama ni, don haka muke yi. A wajenmu duk wanda ya tsuguna wa buhu, ko ya ce a kama masa, ya zama abin tsokana har kasuwa ta tashi, kuma ni ne kan gaba wajen tsokanar. Haushi ya ɗebe ni, na zaro wuƙa zan datse igiyar kowa ya huta. Raƙumin ya sakar mini harbi a ƙirji, haƙarƙarina suka watse a ƙasa suna tsalle.

"Yanke ta, ka bi sahun Nomau."

Ya kifar da ni rub da ciki, ya sa haƙora ya ɗago ƙirjina a hankali, ƙuguna na ƙasa. Ya sauke ni, ya sake ɗagowa. Ina zaginsa, ina kuka. Amma tsumman ya ɗan ja da baya, kururuwar igiyar ta koma nishi.

"Tashi ka taka. Tabarma ce ke ciyar da ciwon."

"Har yaushe?"

"Wata nawa kake ba gero kafin ka girbe shi?"

Daga nan ya naɗe gwiwoyinsa na gaba, ya durƙusa, ya zuba mini idonsa ɗaya. "Na fi ka ƙarfi sau goma. Ka taɓa ganin an ɗora mini kaya a tsaye?"

Nan take sama ta yi ja. Ƙarfen sakiya ne ke saukowa ta bakin rijiyar, tsawon bishiyar dabino, yana huci, yana tambaya, "Ina ƙafar?" Na hango ta can a turke tana fizge-fizge. Na yunƙura zan kare ta, ƙaurin nama ya cika mini hanci.

"Baban Lantana! Tashi, wanzami ya iso."

Matata Tabawa ce ke jijjiga ni. Barmo na tsugune a bakin zaure yana fifita garwashi, ƙarfen ya yi jajawur.

Ya ce, "Bismillah, miƙo ƙafar."

Na dubi ƙafar, ba ko ƙwarzane a jikinta. Na mirgina gefe, na kafa gwiwoyi a ƙasa, na jawo buta na tuttule wa garwashin ruwa. Hayaƙi ya turnuƙe zauren.

Barmo ya ja da baya yana tari. "Kai Jatau, lafiyarka kuwa?"

"Ba ita ba ce, Wanzam. Ba ita ta yi ba."

Na dafa bango na miƙe. Ciwon na nan, bai je ko'ina ba. Na taka ɗaya, na taka biyu, har bakwai, ƙafar na rawa amma tana ɗauke da ni. A bakin ƙofa Tabawa ta kama hannuna, ta dubi bayan wuyana ta ce, "Wai me ya cije ka a nan?"