Ko Ƙwarzane Babu

Wallahi na gaji da masu bincike. Duk shekara sai wani ya zo firamarenmu ta Ketare, ya tambaye mu abin da muke buƙata, ya ɗauki hoton rufin da iska ta yaye, ya shige mota. Sai bara wata ƙungiya ta ba mu mamaki, ta kawo kwamfutocin hannu har da farantin sola na caji, don yara su koyi karatu.

Ni ke koyar da aji huɗu, kuma rabin ajin ba sa iya haɗa baƙi. Na roƙi hedimastanmu, Malam Muttaka, ya ba ni ko guda biyu. Ina! Wai kayan amana ne, yara za su fasa. Yadda iyayenmu mata ke jera kwanoni a ɗaki, ba a taɓa cin tuwo a ciki ba, haka ya yi da su. Ya naɗe su a buhu, ya tura cikin dawa a rumbunsa saboda 'yan bindiga. Ranar Juma'a ya fito da su ya goge, ya mayar. Na yi magana har bakina ya gaji.

Bayan girbi ƙungiyar ta turo mai bincike, Malama Najiba, ta ga yadda ake amfani da su. Malam ya shimfiɗa tabarma ya jera su, yana ta fara'a.

"Duba, ɗiyata, ko ƙwarzane babu."

Ta sa aka yi caji, ta kunna su ɗaya bayan ɗaya. Sai ta dubi Malam.

"Baba, kowace tana nuna karatun da aka yi da ita. Waɗannan ba a taɓa buɗe su ba."

"Ai shi nake gaya miki," in ji shi, yana murmushi.

A hankali ta yi masa bayani: duk makarantar da ba ta yi amfani da su ba, za a kwashe a kai wata a Faskari. Na bi ta waje na roƙe ta. Ta ce, "Malama Barakatu, ko na yi ƙarya, kwamfutocin ba za su yi ba."

'Yan ajina aka sa suka kai su mota. Ranar suka fara taɓa su. Malam Muttaka na biye da su, yana cewa, "A hankali dai, kar ku fasa."