Ƙwallon Dorinel a Lambun Mama

Ƙanena Dorinel ya kusa shekara ashirin yana tsaron baya a ƙungiyar garinmu, kuma ko da kuskure bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Ko ragarsu bai taɓa ci ba, balle ta mutane. Abu ɗaya ya iya: ƙwallo ta zo, ya narka mata ƙafa ta tsallake rumfar 'yan kallo. Gidanmu kuwa a bayan rumfar yake, don haka duk Asabar tumatirin Mama ne ke ji a jikinsa. Ta tsinto ƙwallon tana masifa, ta wurga musu ta kan katanga.

Sau ɗaya aka turo mutum daga Bukares, babban birninmu, ya duba shi. Ya kalli rabin wasa, ya ci gasasshen namansa, ya bi jirgin yamma.

Bana ƙafafun Mama suka ƙi, idon ma sai a hankali. Ranar wasa mukan ajiye ta a kujera cikin lambu, tana sauraron lasifikar fili. In an ci ƙwallo, mai sanarwa kan ja sunan wanda ya ci, jama'a su amsa da sunan gidansu. Rannan ta ce da ni, "Lenuța, na ji sunan ɗan kowa a bakin abin nan, har ɗan mai facin taya. Ina son jin nawa kafin in tafi." Na ce mata za ta ji.

To, a wurinmu in ɗan wasa zai rataye takalmi, kamar Dorinel bana, ana yi masa wasan bankwana, kuma kowa ya san ƙarshensa: a ba shi fenariti ya ci, a tafa, a watse. Duk da haka ban bar komai ga sa'a ba, na san wanda nake da shi. Tiberiu alƙalin wasa, na kai masa kwalbar miyar gautar da nake dafawa lokacin kaka. Costel, mai tsaron ragar ƙungiyar baƙi, mijina ya shayar da shi har ya fara kiransa ɗan'uwa.

"Anti, ki gaya masa dama zan faɗi," in ji Costel. "Ya gangarar da ita hagu kawai. Ko kaza za ta ci."

Na zaunar da Dorinel a kicin. "Hagu, ƙasa, a hankali. Maimaita."

"Yaya, ni fa ba yaro ba ne."

"Maimaita na ce."

Ya maimaita yana cin burodina.

Ranar wasa, ana dab da tashi, wani ɗan gabanmu ya zube a gaban raga ba wanda ke kusa da shi. Ni kaina na ji kunya. Tiberiu ya busa fenariti. Gogan naka kuwa yana can baya riƙe da ƙugu, sai da abokansa suka jawo shi kamar akuya za a kai kasuwa. Kuma ragar gefen gidanmu ce, Mama za ta ji komai tas.

Costel bai ma jira ba. Tun Dorinel na gudu ya kwanta dama kamar buhun dankali. Raga a wangale. Mai sanarwa har ya fara, "Doriii..."

Sai ɗan banzan nan ya jingina baya ya narka mata ƙafa.

Ta haye raga, ta haye rumfa, ta ɓace. Dariya ta ɓarke a fili. Mai sanarwa ya yi tari, ya koma yi wa gidan burodin da ya ɗauki nauyin wasan godiya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na tare shi a bakin fili, an cika masa hannu da furanni.

"Hagu, ƙasa, a hankali. Wanne ne ya yi maka wuya?"

"Yaya, ƙafar ce. Na ga ƙwallo a gaban raga, kuma ni ban saba barin ta a wurin ba."

Na fizge furannin na maka masa a ka, na kama hanyar gida. Ina tafe ina haɗa ƙaryar da zan yi: lasifika ce ta lalace, ko wuta aka ɗauke. Raina a ɓace yake, don na yi mata alkawari.

Na tarar da Mama inda na bar ta. Sandunan tumatir sun karye, ruwansa ya fantsama har kan bargonta. Ƙwallon ta gangaro gindin kujera, ta ɗauke ta ta ɗora a cinya tana shafawa.

"Ban ji sunan ba," ta ce.

"Mama, ai ɗan naki ne ya..."

"Na sani mana. Wa kuma zai karya mini tumatir haka?"

Daga bayan katanga mai kula da fili ya ɗaga murya, wai don Allah a jefo musu ƙwallo. Na miƙa hannu zan karɓa. Mama ta ja bargo ta rufe ta.

"Ce musu ba ta faɗo nan ba."