Gaisuwa a Tsakiyar Titi

Da gawayi Kalsum ta zana titi a tsakar gidan haya, ta kife kwanuka uku ta ce motocin haya ne na danfo, ta sa 'yan biyunta su riƙa zuwa a guje suna ihu kamar baburan okada. Kwana shida ke nan Mastura na tsallaka wannan titi na gawayi.

"Hagu! Dama! Hagu kuma! Ke, nan fa Agegen Ikko ne, ɗan okada ko daga sama sai ya faɗo!" in ji Kalsum.

Mastura ce 'yar farin Kalsum, shekararta takwas, tun yaye tana hannun kakarta ta wajen uba a wani ƙauye bayan Kazaure. Da soja suka koma bariki, mahaifinta Badaru ya ce zamani ya juya, a kawo ta ta shiga boko. Makarantar kuwa tana tsallaken babban titi. Inna, kakar da ta rako ta, sharaɗi ɗaya ta gindaya: in yarinya ba ta iya titin nan ba, ranar Litinin ƙafarta ƙafar jikarta. Kalsum kuwa, wallahi, ta gaji da kewar 'yarta.

Ran Asabar da hantsi aka fita gwajin gaske. Gida kaf ya fito kallo, har Iya mai burodi ta bar tirenta. Mastura ta tsaya a bakin kwalta, ta duba hagu, ta duba dama, ta sake duba hagu. Ta bari ƙatuwar bas ɗin molue ta wuce. Ta taka ɗas-ɗas, ba gudu ba sanɗa.

"Yauwa! Yauwa 'yar albarka!" Kalsum har da tsalle, kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ana haka sai ga Alhaji Ɗan Azumi, yayan Badaru, yana tsallakowa daga can ɓangaren. Yarinya ta ga farin gemu da babbar riga. Tarbiyyar shekara shida ta rinjayi karatun kwana shida. Ta zare takalmi, ta durƙusa a kan kwalta, ta sunkuyar da kai.

"Baffa, ina kwana?"

Ga danfo ya taho ba ji ba gani.

"Mastura!"

Kalsum ce, wadda tun da ta haife ta kunya ba ta taɓa barin ta ambaci sunan ba. Birki ya yi ƙara. Alhaji ya suri yarinya kamar kaza, ya dire ta a gefe. Direba ya zuba zagi da Yarbanci ya wuce, takalmi ɗaya ya rage a baje a kan titi.

Kalsum ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, in ji zuciyarta, Inna za ta koma ƙauye da yarinya. Ta kasa ko duban surukarta.

Inna ta dubi takalmin.

"Wannan ba laifinta ba ne," ta ce. "Ni na koya mata. Alhaji, kama hannuna."

Ya kai ta ɗan tudun da ya raba titi biyu, ta tsaya ƙyam da sandarta.

"A sake! Ke kuma, in kin kuskura kika gaishe ni a nan, sai na saɓa miki!"

Mastura ta duba hagu, dama, hagu. Ta taho. Da ta iso gaban kakarta ta yi kamar za ta durƙusa, sai ta cije, ta ɗaga kai ta duba motoci, ta wuce hawaye na zuba. Sai da ta taka ƙasa a can tsallake ta juyo ta durƙusa. Kalsum ta rangaɗa guɗa a bainar jama'a, ko a jikinta.

Wani dattijo mai goro da bai ga farkon abin ba ya tare Inna tana dawowa.

"Hajiya, kin ga Ikko ko? 'Yar mitsitsiya ta wuce ki tsaye, ko kallo!"

Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Bar ta, Malam. Gara ta wuce ni da ƙafafunta, da a wuce da ita a makara."