Jan Takalmi a Bakin Ƙofa

Shekarata ashirin da biyu ina kula da birai a cibiyar bincikenmu, kuma doka ɗaya ce ko ɗan koyo ya sani. Jan takalmin roba na ɗakin birai masu ƙwayar cutar da muke bincike a kanta ne, kore na ɗakin masu lafiya. A fitsari da yawu take yawo, tafin takalmi kuwa ba ya zaɓe.

A ɗakin masu lafiya akwai birai mata shida, duka da ciki, ba wadda cutar ta taɓa shiga jininta. Dakta Hatanaka ta shekara uku tana haɗa rigakafi daga 'yan ƙayoyin da ke bayan ƙwayar, waɗanda take maƙale wa jiki da su. 'Yar'uwar wannan ƙwaya ce ke kurumtar da jarirai tun suna ciki. In shidan nan suka kamu kafin allura, aikinta ya tashi a banza.

Ranar Talata tsohon Farfesa Kuwabara, wanda ya koyar da rabin cibiyar, ya kawo ziyara. Muka jeru muna ta rusunawa. Ya zaga ɗakin masu cutar, ya fito yana ba da labarin birin da ya cije shi tun yana saurayi, ya miƙe zuwa ɗaya ɗakin. Da jan takalmi!

Kowa ya gani. Daraktanmu ya yi tari. Ni kuwa na ɗauko koren takalmi na ajiye a gabansa, na juya masa bakinsa yadda ake yi wa baƙo. Ya tsallake shi, ko kallo bai yi ba.

Hannunsa na kan ƙofa Hatanaka ta cafko rigarsa ta baya.

"Malam, tsaya! Dubi ƙafarka!"

Tsoho ya dubi ƙasa, kunnuwansa suka yi ja. Ya tuɓe takalmin, ya tako da safa a jiƙaƙƙen siminti ya fita, ko shayin da aka dafa masa bai sha ba.

"Ke kam kin gama da mu," in ji Darakta.

Da yamma na same ta tana raba wa shidan dankali. Na ce, "Dakta, wallahi kin yi ƙoƙari."

Ba ta ɗago ba. "Baba Okabe, kai ka fi kowa kusa da ƙofar nan," ta ce.

Kunya ta kama ni.