Sandunan Mai Awo

"Ba nan ba, 'yata. Danna kan kwanakin, waɗanda sanduna suka danne."

Malama ta matsa da linzamin kwamfutar, tana zaune a bakin gado don kujerar ɗakin ta cika da kwalaben magani. Mai Awo, maƙwabcinta na katanga ɗaya, yana jingine da matasai uku yana ba da umarni kamar har yanzu yana ofishin hasashen yanayi, inda ya yi shekara talatin yana auna ruwan sama. Tsoho ne da ko shayi zai haɗa sai ya ƙirga cokali. Yau Asabar hannunsa ya ƙi riƙe linzami, shi ya sa ya ƙwala mata kira ta kan katanga.

Autarsa, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisan kwana guda a mota, ita ta aiko masa da sikeli. Kowace Asabar zai hau, ya rubuta abin da ya ƙaru ko ya ragu a nauyinsa, ya mayar da shi zanen sanduna a kwamfuta, ya tura mata hoton zanen. A hoton kuwa sanduna sai hawa suke yi, kowace ta fi ta baya tsawo. Ƙorafinta ɗaya, kwanakin ba sa karantuwa, sun nutse cikin sandunan.

Malama lissafi take koyarwa, ta san inda wannan matsala take fitowa. Rubutun kwanaki yana manne da layin sifili ne, kuma sanduna ba sa hawa kansa sai idan lambobin suna ƙasa da sifili. Ta gangara kan jerin lambobin. Kowace da alamar debewa a gabanta: ɗaya, biyu da rabi, biyar, tara, sha huɗu.

"Baba, kifa zanen ka yi?"

"Juya shi na yi. Na kuma share lambobin gefe, cunkoso suke kawowa."

"Kilo sha huɗu ka zubar, kana nuna mata ƙiba kake yi?"

"Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Duba ki gani." Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. "Ran ashirin ga wata za ta zauna jarrabawar ƙarshe. Shekara uku tana wahalarta. In ta ga gaskiya, gobe za ki gan ta a ƙofar nan da jaka. Ki matsar mini da kwanakin kawai."

Ta matsar. Danna uku ne, kwanakin suka fita daga cikin sandunan suka jeru a waje, fes. Ta tura hoton da hannunta. Auta ta amsa nan take, wai Baba ya rage cin maiƙo.

Daga nan zama ya gagari Malama. Ta ɗauko takardun ɗalibai ta ajiye. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Duk tarin da ya tsallako katanga sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu, tana jiran na biyu. Haushin tsohon take ji, tana jin na kanta ninki biyu. Mijinta ya ce, "Tsakanin uba da 'yarsa ne, ke meye naki?" Ta yarda da shi ranar Lahadi da safe, kafin la'asar ta daina yarda, amma ba ta yi komai ba.

Ranar Litinin ta zana layin lambobi a allo, tana gaya wa 'yan aji cewa abin da yake ƙasa da sifili yana nan ƙasa ko da ka tsaya da ka. Suka yi dariya. Ita alli ne ya karye a hannunta. Ana tashi ta hau babur sai gidan Mai Awo, ba ta ko shiga gidanta ba.

Ta same shi ya zame daga kan matasan, abincin safe yana rufe yadda ta bar shi. Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta, ta juya fuskar yadda zai gani. Ta cire alamar da ta kifa zanen. Layin sifili ya koma sama, sandunan suka zubo ƙasa kamar jemagu a reshe. Ta dawo da lambobin gefe.

"Kin tona mini asiri, 'yata," ya ce, muryar da ƙyar take fita.

"Na tona, Baba. Ka yi fushi da ni, zan ɗauka."

Ya daɗe yana kallon zanen. "Ya fi kyau haka," ya ce. "Kwanakin ki sa su can ƙasa, kada su sake shiga ciki."

Ta sa, ta tura. Minti biyu ba a yi ba waya ta fara ruri. Auta ba ta yi kuka ba, tambayoyi ta jera irin na masu aikin asibiti, Malama tana amsawa tana jin kunyar kowace amsa. Motar ranar ta riga ta tashi. Auta ta hau ta Talata, ta iso Laraba da azahar. Mai Awo ya riga ya cika da hantsin ranar, hannunsa cikin na Malama.

Bayan mutane sun ragu, Auta ta zauna a bakin gadon ta buɗe kwamfutar. Ta ga hoton Asabar, ta ga na Litinin. Ta ɗago ta dubi Malama. Malama ta so a ce zaginta ta yi. Kwana biyu ne tsakanin hotunan, kuma ba ta buƙatar allo kafin ta yi wannan lissafin.

"Ya cike kwanakin tun kafin su zo," in ji Auta a hankali.

Malama ta leƙa. Bayan sanda ta ƙarshe akwai Asabar biyu a jere a ƙasa, rubutunsu fes, samansu fari. Ta ƙarshen ita ce ashirin da ɗaya ga wata. Sikelin yana ƙarƙashin gado, silifas ɗin tsohon a ajiye a kansa.